Ranar da Ummu Sabri Ta Nemi Ragi

A kasuwar kifi ta Anfushi, nan Iskandariyya ta ƙasar Masar, babu wanda ya taɓa samun ragi a wurin Ummu Sabri. Shekara talatin tana bayan tebur ɗaya tun rasuwar mijinta, da shi ta aurar da 'ya'ya huɗu. A bene ɗaya muke zaune, na san halinta. In ka taya kifinta da arha, sai ta ɗaga shi saitin hancinka ta ce, "Kalli idon nan. Da asuba iyo yake yi. In ba ka da kuɗi, ga mai dafaffen wake can."

Da masu ɗauko mata kaya daga bakin teku suka ishe ta da latti, sai ta ƙudurta sayen a-kori-kura tata. Fathi, mijin autarta, shi ya iya tuƙi, don haka shi ya raka ta wurin masu sayar da motoci.

Suna shiga ta ga mai wurin, ta ja ta tsaya. Mu'allim Garib ne, wani mai tumbi da ya shekara goma sha biyar yana sayen kifinta duk Juma'a, yana roƙon ragi tana hana shi. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannuwa sama.

"Allah na gode maka da ka nuna mini wannan rana."

Ta nuna wata farar mota da ta ɗan sha jiki. "Nawa wannan gwangwanin?"

"Fam dubu casa'in."

"Saba'in."

Garib ya shafa fitilar gaba, ya maƙe murya irin tata. "Kalli idon nan, Ummu Sabri. Da asuba gudu take yi. In ba ki da kuɗi, ga mai amalanken jaki can."

Dariya ta ƙwace wa Fathi. Ta harare shi, ya mayar da ita tari.

"Tashi mu tafi," ta ce. Ta nufi ƙofa tana jan ƙafa, tana jiran a kira ta. Shiru. Ta tsaya gyara takalmi. Shiru. Da ta waiwaya, Garib na zaune yana ɓare gyaɗa.

Fathi ya ce, "Mama, motar fa lafiyayya ce."

"Wa ya tambaye ka?"

Ta dawo ta zauna, ta karɓi shayi, ta kurɓa sau biyu.

"Ya Madam Su'ad?" ta ce. Matarsa ke nan.

"Lafiya lau."

"Ranar Talata ta zo sayen jatan lande. Na ce ga kifi mai kyau, ta ce a'a, ai mijinta gwanin fatsa ne. Duk Juma'a sai ya fita da ƙugiya tun safe, ya kamo kilo uku." Ta sake kurɓa. "Na ce masha Allahu."

Gyaɗar ta tsaya a hannun Garib. Kowa a Anfushi ya san inda yake yin safiyar Juma'a: gidan shayi, yana zuƙar shishar da likita da matarsa suka hana shi.

"Tamanin," ya ce a hankali.

"Ta ce Talata mai zuwa za ta dawo. Ga ta da son hira."

"Ki ji tsoron Allah, Ummu Sabri! Saba'in da biyar."

"Da sababbin tayoyi."

"Biyu."

"Huɗu. Da ƙafa biyu take tafiya?"

Da aka miƙo mata takardun, ta ga sunanta a jiki. Ba ta taɓa mallakar abin da ya fi teburinta girma ba. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin wurin ne. A hanyar gida ta hana Fathi wuce gudun keke.

Motar ta yi mata shekara tara. Garib bai fasa zuwa Juma'a ba, illa dai ya daina neman ragi.

Wata rana, bayan shekara biyu da cinikin, Madam Su'ad ta tsaya a teburin, ta rage murya.

"Ranar Juma'a ki zaɓa masa manya, baƙi za mu yi."

Ummu Sabri ta saki baki.

"Haba, 'yar'uwa," in ji Su'ad. "Wane teku ne ke ba da kifi a kankare, a naɗe cikin jarida? Ki ƙyale shi kawai. Safiyar nan kaɗai nake samun gidan ya yi shiru."