Agogon Ɗalhatu da gudun Rashad

Ɗalhatu Nasidi, mutumin Funtuwa, ya yi shekara tara yana gadin wani filin atisayen gudu a Al Rayyan ta ƙasar Qatar kafin rasuwarsa bara, yana da shekara talatin da huɗu. Aikinsa buɗe ƙofa ne bayan asuba da duba katin masu shiga. Bai taɓa gudu a filin ba. Yakan ce tunda ba a biyo shi ba, bai ga dalili ba.

A shekararsa ta bakwai a wurin wani ɗan Laberiya, Rashad Dukuly, ya zo Doha atisaye. Mita ɗari yake gudu, ya wakilci ƙasarsa a Accra da Rabat, yanzu kuma yana neman shiga gasar duniya. Sharaɗin shi ne ya gama cikin daƙiƙa 10.16 kafin ƙarshen Mayu, ga shi shekarunsa talatin da ɗaya, ya san wannan ce ta ƙarshe. Bai zo da koci ba. Sai ya miƙa wa mai gadi agogon awon gudu, ya nuna masa inda ake dannawa.

Ɗalhatu ya iya dannawa sarai. Abin da ya gagare shi shi ne duban idon baƙo, wanda ya taso tun daga Monrovia yana haki a gabansa, ya faɗa masa abin da ba zai so ji ba. A gidansu ba a yi wa baƙo haka. Idan agogo ya nuna 10.4, sai ya ce 10.2, ya yi maza ya goge. Idan ya nuna 10.3, ranar Rashad ya yi 10.1 ke nan.

Tanko direba, abokin ɗakinsa, ya ce masa in aka ci gaba a haka, kafin azumi mutumin nan zai riga motarsa isa garin Lusail. Ɗalhatu ya ce ƙarfafa gwiwa ce kawai.

Sati uku ana haka. Rashad ya rage atisayen tashi daga layi, tunda a ganinsa ya riga ya kai. Ya buga wa mahaifiyarsa waya ya ce ta fara shirin ganinsa a gasar duniya.

A gasar farko na'urar awon gudu ta ba shi 10.33. Na'ura ba ta san baƙo ba. Washegari ya zo filin yana cewa ƙila iska ce, ƙila takalmi ne, zai sayi wani. Ɗalhatu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, takalminka lafiya lau. Ni ne nake ragewa."

"Nawa kake ragewa, Malam?"

"Biyu. Ranar da na ga ka gaji, uku."

Rashad ya zauna a kan kujerar gadi, wadda doka ta hana kowa zama a kai. Da ya tashi sai ya sake miƙa masa agogon, don ba shi da wani mai riƙe masa, ya ce daga yau ya riƙa juyo masa fuskar agogon ya gani da idonsa.

Kwana goma sha shida suka rage kafin gasar ƙarshe. Ɗalhatu ya riƙa ɗaga agogon yana kallon gefe. Lambar ta sauko a hankali, daga 10.4 zuwa 10.3, ta tsaya kwana biyar, sannan ta taɓa 10.2 sau biyu.

Ranar gasar Ɗalhatu ya nemi Tanko ya riƙe masa ƙofa, ya shiga cikin 'yan kallo da agogon a aljihu. Rashad ya zo na biyu. Allo ya nuna 10.19.

Da suka haɗu a waje Rashad ya tambaye shi me nasa agogon ya ce. Ɗalhatu ya duba, ya ga 10.2, ya juya masa shi.

"Khalas, shi ke nan," in ji Rashad. Ya koma Monrovia ranar Laraba.