Inda Muka Sa Mai Gurmi

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ni ne mai tsara jerin wasanni a taron bayan Sallah na Hausawan Manchester da Birmingham. Ba zaɓe na aka yi ba. An ji cewa na yi aikin rediyo a gida kafin in zo karatu, sai kawai aka miƙo mini takarda. Taron na zagayawa ne, bana a nan, baɗi a can. A shekarar da nake magana a kanta mu na Manchester ne masu masauki, a wani zauren unguwa a Moss Side. Da can sai ƙarfe goma ake rufe zauren. Da hukumar gari ta rage ma'aikata, mai gadi ɗaya ya koma kula da gine-gine biyu, aka ce mana daga ƙarfe biyu zuwa shida, kuma kafin shidan an kwashe kujeru an share.

In aka cire sallar La'asar da cin abinci da jawabai, abin da ya rage bai kai awa biyu ba. Masu son hawa dandamali kuwa sun fi goma.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da agogo a hannu. Yaran makarantar Asabar suna da wasan kwaikwayo na minti goma sha biyu, rabinsa da Turanci, kuma wanda ya fito a matsayin kaka yana manta maganarsa. Ɗaliban jami'a biyu sun shirya barkwanci a kan Bahaushen da ya je ganin likita ya ƙi faɗin ciwonsa sai ya gama gaisuwa. Ya yi daɗi, amma ƙarshensa ya yi tsawo. Mata suna da kiɗan ƙwarya da robobin wanke-wanke. Wani mai bincike a fannin ruwa ya rubuta waƙa mai baiti arba'in, na roƙe shi ya mayar da ita goma, muka rabu a kan ashirin yana jin haushina.

Na rubuta kowane wasa a guntuwar takarda na jera su a kan darduma a ɗakinmu na Whalley Range. Ƙa'idar ba ta da wuya. Abu mai hayaniya shi ake fara sawa, don mutane na shigowa suna gaisawa. Ba a haɗa masu doguwar magana biyu a jere. Yara da wuri, kafin su gaji. Abin da ya fi kowane kyau kuwa sai bayan an ci abinci, lokacin da zaure ya cika, bakuna sun yi shiru. Mako biyu ina sauya wa takardun nan wuri. In zauna cin tuwo, in tashi in matsar da ɗaya, in dawo ya huce. Matata ta saba da tsallake su.

Ana cikin haka wani dattijo ya bugo mini waya daga Birmingham. Injiniya ne mai ritaya, kowa na ce masa Baba. Ya ce yana da abin da yake so in ji, amma ba ta waya ba. Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa.

Shi kaɗai yake zaune a hawa na tara a Ladywood tun rasuwar mai ɗakinsa. Bayan mun sha shayi ya shiga ciki ya fito da gurmi a naɗe cikin tsohuwar riga. Ya ce mahaifinsa alƙali ne, a ɓoye ya koya, kuma a ɓoye yake kaɗawa har yau. Sai ya fara. Ban san lokacin da na manta da agogon ba. Ba ya waƙa, tsirkiya biyun nan ne kawai, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. A duk shekarun da na yi ina ɗaukar makaɗa a rediyo, kaɗan na ji masu irin hannunsa.

Na ce, "Baba, iyali sun san da wannan?"

Ya ce, "Maƙwabtana Turawa dai sun sani, ta bango."

Sannan ya ce yarinyar nan ba ta taɓa ji ba. Bai ambaci sunanta ba, don ita ce 'yarsa ta fari, kuma ita kaɗai gare shi. Mai harhaɗa magunguna ce a Birmingham ɗin, da 'ya'yanta uku. Mutumin da bai taɓa kiran sunanta ba, ba zai zaunar da ita a falo ya kaɗa mata gurmi ba. A taro kuwa jama'a yake yi wa, ita ma tana cikin jama'a.

Ya ce, "Wannan tsakanina da kai ne, Malam."

Na dawo na sa takardarsa nan take bayan abinci, ƙarfe huɗu da kwata. Ranar ce ta farko da jerin ya zauna mini daidai.

A zaman kwamiti shugabanmu, wani likitan ƙashi, ya karanta jerin ya cire tabarau.

"Malam, ka sa Baba bayan yara? Bayan masu ba da dariya da masu buga roba?"

Na ce, "Likita, nan ne wuri mafi daraja a duk jerin."

"A rediyo ke nan. Mu a wurinmu babba shi ne gaba. Daga addu'a sai shi."

"Ƙarfe biyu da kwata fa ke nan. Wa ka taɓa gani a zaure ƙarfe biyu da kwata?"

Wani akanta da ke gefe ya ce, "Ni."

"Kai ma don kai ke kawo ruwa ne."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya goyi bayana. Na tuna musu cewa tunda aka daina samun tallafin hayar bas, mutanen Birmingham a jeren motoci suke zuwa, kuma ba mai tashi sai kowa ya hallara. Likita ya ce bana sun yi alkawari. Dalilin da zai iya juya su yana bakina, amma ba nawa ba ne da zan faɗa. Da na fito na kira Baba na ce ya nemi a mayar da shi baya da kansa.

Ya ce, "In ce musu don me? Inda suka sa ni, nan ne."

Ranar taro ya riga kowa isowa, ta jirgi, cikin farar babbar riga, gurmin a jakar wasanni ta jikansa. Ƙarfe biyu mutum bakwai ne a zauren. Ni da ban taɓa fara shiri a makare ba, ranar na zama mai jan ƙafa. Na gwada makirufo sau uku. Na ce wayarsa ta lalace. Na raɗa wa malamin da zai buɗe taro ya tsawaita addu'a, ya yi wa Najeriya, ya yi wa masu jarrabawa, ya yi wa masu neman takardun zama. Ina fita bakin titi ina dawowa. Na kira wani da ke cikin jeren motocin, ya ce sun jira wani gida fiye da awa ɗaya, yanzu kuma sun tsaya sallar Azahar a hanya.

Ƙarfe uku saura ashirin mai gadin ya leƙo ya nuna mini agogonsa. Likita ya karɓi makirufo ya gabatar da Baba, da kalamai masu kyau ƙwarai.

Baba ya zauna a kujerar roba. Ya dubi ƙofa sau ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya fara. Mutum ashirin da 'yan kai ne suka ji, har da mata biyu da ke jera kuloli da mai gadin da ya tsaya riƙe da makullai. Minti tara ya yi. Ya fi na Ladywood kyau.

Sai ƙarfe huɗu saura kwata mutanen Birmingham suka iso, zaure ya cika da gaisuwa da kukan jarirai. 'Yar Baba ta same ni a gefen dandamali, da ƙaramin ɗanta a kafaɗa.

"Kawu, wai da gaske ne Baba zai yi wani abu yau? Mun ɗauka wasa ake mana. Ƙarfe nawa ne?"

Na ce ta ba ni minti biyu.

Na sami Baba a barandar baya yana ɗaura alwala. Na ce zan cire mai baiti ashirin, in ya so ya yi fushi har baɗi. Ƙarfe huɗu da kwata na Baba ne, zaure a cike.

Ya sauke hannun rigarsa a hankali. "Kowa sau ɗaya ya hau?"

"Sau ɗaya."

"To in na sake hawa daga isowarsu, akwai wanda ba zai gane don wa na hau ba?"

"Baba, ba wanda zai ce komai."

"Ita za ta gane. Allah ya yi maka albarka, je ka ci gaba da aikinka."

Na koma ciki. Tana tsaye inda na bar ta. Na ce mata ya riga ya yi tun ɗazu, gurmi ya kaɗa.

Ta ce, "Mene ne gurmi?"

Na fara kwatanta mata da hannu, sai Likita ya ɗaga murya daga dandamali yana tambayar wa ke biye.