Ranar da Aka Zo Kwasar Keken Selina

Tun da nake ban taɓa ganin matsoraciya irin Selina ba, kuma ni ma ba wata jaruma ba ce. Shagona na zare da maɓallai yana jikin nata a layin teloli na kasuwar Makarfi, langa-langa ɗaya ne ya raba mu. Idan ƙadangare ya faɗo daga rufi, ihunta nake fara ji kafin faɗuwarsa. Idan tayar mashin ta fashe a bakin titi, sai in leƙa in same ta a ƙarƙashin teburin yanka, almakashi a hannu, tana kiran sunan Yesu. Nakan ce, "Fito, Selina, yaƙin ya ƙare, mu muka yi nasara." Sai ta fito tana kakkaɓe zani tana hararata.

A nan aka haife ta. Mahaifinta daga kudancin Kaduna ya zo koyarwa a firamare, ya yi gona, ya tsufa, a nan aka binne shi. Hausarta ta fi tawa daɗi. Amma duk ranar da rediyo ya ce an yi tashin hankali a wani gari, komai nisansa, tun kafin azahar za ta rufe shago. Ta taɓa ce mini, "Fatsuma, ke idan kika yi laifi sunanki za a kira. Ni idan na yi, 'mutanen nan' za a ce." Shi ya sa ba ta taɓa riƙe ƙyallen kowa, ragowar yadi ko bai kai tafin hannu ba sai ta ƙulle a leda ta mayar wa mai shi. Babban tsoronta a duniya shi ne a wayi gari a ce ta ci amanar 'yan gari.

Ɗinki kam ta iya. Matsalarta ɗaya, aikin adon zare na wuyan riga da na bakin gyale. Sai ta aika Zariya a yi mata aikin kwamfuta, a riƙe kayan har biki ya wuce, a dawo da fulawar da ba ita mai kaya ta zaɓa ba, a bar Selina da ban haƙuri.

Ƙanenta Benson ne ya kawo dabarar. Kwamfuta ya karanta, yana zaune a Kaduna, kuma irin mutanen nan ne da ke magana kamar ana korarsu. Ya haɗa wata manhaja a waya. Mace za ta buɗe, ta ga surar rigarta, ta sa yatsa ta zana irin adon da take so, ta canza launin zare, ta faɗaɗa ganye, ta rage fure, har sai ya kwanta mata a rai. Da ta gama sai zanen ya tafi wurin keken aiki mai kwamfuta, shi kuma ya ɗinka shi daidai yadda ta zana. Na gwada da kaina, na zana wani abu da na yi nufin tauraro ya fito kamar kaguwa. Manhaja dai ta samu, keken ne babu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin zuriyarsu kaf.

Sai Benson ya buɗe gidauniya a intanet. Ya ɗauki Selina bidiyo a bakin shago, tana magana kamar wadda aka kai gaban alƙali. Tsarin shi ne duk wanda ya taimaka, idan keke ya zo za a yi masa gyale ko hula da zanen hannunsa kyauta. Akwai kuma sharaɗi: idan wa'adi ya cika ba a kai adadin ba, kowa za a mayar masa da nasa. 'Yan Makarfi mazauna Kaduna da Abuja suka tura, 'yan cocinsu suka tura, ni ma na tura abin da ya sawwaƙa. Aka wuce rabi kaɗan, abu ya tsaya cak. Selina ta daina cin abinci, wai ta nuna fuskarta ga duniya a banza.

Ana cikin haka Inna Hajo ta zo karɓar ɗinki. Tsohuwa ce daga Nasarawan Doya, doguwa, mai murya kamar ta namiji, kuma ita ce uwar adashin matan yankinsu tun ina yarinya. Ta ga Selina ta yi zuru-zuru, ta tambaye ta ko rasuwa aka yi. Selina ta yi mata bayani a gabana: jama'a ne ke zubawa a sayi keke ɗaya, kowa kuma zai samu rabonsa. Inna Hajo ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ai sana'ata ce, 'yar nan. Share hawayenki."

Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, ta bi matan Nasarawan Doya gida-gida, ta shiga Dandamisa, ta aika wa 'yan'uwanta a Hunkuyi. Masu ƙuli-ƙuli, masu mazarƙwaila, masu kiwon akuya, duk suka zuba. Ta ƙullo a bakin zani ta kawo wa mai POS ya tura. Gidauniya ta cika har ta yi tumbatsa. Benson ya kira yana ihu a waya, Selina ta durƙusa a tsakiyar shago ta yi kuka.

Keken ya iso cikin akwatin katako. Fari ne sol, mai allurai jere da ɗan allo irin na waya, kuma maza huɗu ne suka shigar da shi da ƙyar. Wanda ya zo haɗawa ya ja kunnen Selina: wannan ba ya son girgiza, idan allurai suka goce daga saitinsu, sai an kira mai gyara daga Kano, kuma ba lallai ya dawo daidai ba. Daga ranar ko ƙuda ya sauka a kansa sai ta kore shi da addu'a. Aiki kuwa ya yi kyau. 'Yan mata suka cika layinmu, kowacce ta dunƙufar da kai a waya tana zane, ni kuma zarena ya fara ƙarewa kafin la'asar.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar kasuwa, sai ga Inna Hajo da mata biyar a bayanta. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da damina da gajiya. Sannan ta ce, "To, 'yar nan, kin yi kwasar fari, mun bar miki don ke kika kawo shawara. Yanzu layi ya zo kan Nasarawan Doya. Ranar Asabar zan turo Tanko da mota."

Selina ta ce, "Inna, kwasar me?"

"Keken mana. Mu wata guda, sai Dandamisa, sai Hunkuyi. 'Yan Abuja kuma idan suna so su zo su ɗauka."

Selina ta fara bayanin gyale da hula, kalmomi suna harɗe mata. Inna Hajo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a hankali, "Gyale? Na karɓi kuɗin akuyar mata in ba su gyale? Ni tun kafin a haife ki nake riƙe zubin mutane. Abin da aka zuba tare, zagayawa yake yi. Ban san wata hanya ba, su ma ba su sani ba." Ɗaya daga cikin matan ta yi tsaki ta ce, "Dama an faɗa mana." Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Masu wucewa sun fara tsayawa a bakin shago.

Gaskiya ni haushi ya kama ni, amma na rasa wa zan ji wa. Tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, Selina ma ba ta yi ba. Benson kuwa da aka kira shi, sai ya hau karanto mana sharuɗɗan da ke shafin gidauniya, wai a rubuce yake ƙarara. Na karɓe wayar na ce, "Kai, ɗan boko, wace ce a cikin masu ƙuli-ƙulin ta buɗe shafin naka?" Ya ce kada a kuskura a motsa keken, zai zo da lauya. Selina na jin kalmar lauya ta fizge wayar ta kashe. Ita da matan ƙauye a gaban hukuma, ai gara a ce mata ta haɗa kayanta ta bar garin.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta runtsa ba, idanunta suka faɗa. Magana ta fara yawo a kasuwa, kowa da irin tasa. Mai nama ya ce ya ji an ce telar nan ta cinye adashin mata. Wata da ta kawo ɗinki ta dawo ta karɓe yadinta ba tare da ta faɗi dalili ba. Duk mashin ɗin da ya tsaya a layinmu, Selina sai ta miƙe tsaye. Ta ce mini, "Idan na hana, ni ɓarauniya ce. Idan na bayar ya lalace a hanya, na cinye na 'yan Abuja da na 'yan coci da naki. Fatsuma, ina zan sa kaina?" Na ce ta aika wa Inna Hajo cewa girgiza na kashe keken, ko za ta haƙura. Ta aika. Amsar da ta dawo gajera ce: an ji, Tanko na nan zuwa.

Ranar Asabar da hantsi akori-kurar Tanko ta tsaya a bakin shago. Selina ta fito da ƙullin kayanta da buhun zare. Ta ce za ta bi keken, don babu mai iya sarrafa shi sai ita, kuma idan zai mutu ya mutu a gabanta. Matar da ba ta taɓa kwana a ƙauyen da babu coci ba. Na dube ta, na rufe shagona na ce mu je.

Muka zauna a baya, ita ta rungume akwatin ta gefe ɗaya, ni ta ɗayan. Da muka bar kwalta sai hanya ta shiga tsakanin gonakin rake, dogaye sun fi mota tsawo, ba ka ganin komai dama da hagu. Duk ramin da muka faɗa sai Selina ta yi ƙara kamar ita aka buga. Ni kuma labaran masu tare hanya ne suka dinga dawo mini, har na fara karanto duk addu'ar da na sani.

Can sai Tanko ya taka birki. Na leƙa ta saman mota. Maza ne sun cika hanya, sun fi ashirin, wasu da adduna, wasu da sanduna. A gefensu an ajiye wani abu dogo da aka ɗaure da itatuwa, wanda duk mai ido zai ce makara ce. Babu mace ko ɗaya. Selina ta gani. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau, ta ce, "Ki ce musu ke ba ruwanki. Ki ce ba ki san ni ba." Ta rufe ido tana motsa baki.

Wani dattijo mai farin gemu ya nufo mu, adda a hannu. Ya yi sallama, ya tambayi hanya da gajiya, ni ce na amsa da muryar da ban san tawa ba ce. Ya ce sunansa Malam Sada, ƙanen mijin Hajo. Ya ce ruwa ya cinye hanya a gaba, kwazazzabo ne, mota takan wuce amma da tsalle. "Hajo ta ce an ce abin ba ya son girgiza. Tun da safe muke saran itace. A ka za mu ɗauke shi har gida."

Sai a lokacin na dubi makarar da kyau. Ƙyauren ƙofa ne aka ɗaura a kan sanduna, aka shimfiɗa katifa a kai.

Selina ta kasa sauka. Sai da ni da Tanko muka riƙo ta, ta zauna a bakin hanya tana shessheƙa, mazan suna kallon gefe don kunya. Suka sauke akwatin, suka ɗora a kan katifar, suka ɗaure da igiya. Mutum takwas suka ɗaga, Malam Sada a gaba duk da tsufansa. Suka fara gangara kwazazzabon, ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, sai ɓangaren dattijon ya karkata, akwatin ya yi wani ɗan ƙara.

Ban san lokacin da ta miƙe ba. Sai dai na ji murya ta tsaga gonar rake: "Baba! Ɗaga ɓangarenka! So kake ka kashe mana shi?"

Kowa ya tsaya cak. Selina ta toshe bakinta da hannu biyu, ta juyo ta dube ni, idanu a waje. Ta daka wa dattijon gari tsawa a gaban mutanensa, a tsakiyar daji.

Malam Sada ya gyara kafaɗa, ya ɗaga ɓangarensa. Ya ce, "To, Malama. Zo ki shige gaba, ki dinga faɗa mana."

Ta cire takalmanta ta miƙo mini, ta gangara cikin laka ta shige gabansu.