Ƙofar da Yaya Ladan Ya Hana a Sa wa Mai

Duk wanda Yaya Ladan ya taɓa ɗaukar masa bidiyon biki a Talata Mafara ya san maganarsa: "Kada ka nuna fuska tukuna!" Shekara da shekaru yayana yana saɓe da kyamara, amma bai taɓa yarda an juya ta kansa ba. Shi ya sa bayan sadakar bakwai matarsa, Yaya Asabe, ta kira ni ta ce, "Bello, don Allah ka bincika kayan aikinsa ka samo mini fuskarsa, ko sau ɗaya ne." Na ce to, amma na san halin wanda nake nema.

Mutumin nan fa finafinan tsoro ne suka shiga jininsa, musamman yadda ake buɗe su. Yakan ce kunne ne ke fara jin tsoro, ido daga baya yake biyowa. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa ba shi aikin fim. Sai ya huce a kan bukukuwan mutane.

Kun tuna auren nan na Bakura? An taru ana kallo, maimakon amarya sai ga ƙofa a rufe. Ƙiiii, ta buɗe a hankali. Kyamara a ƙasa, ƙafafu biyu suna tafiya, ba ka jin komai sai numfashi. Uwar ango ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Ɓarawo! Wallahi ɓarawo ya shiga gidan!"

Ashe liman ne zai je ɗaurin aure.

Yaya ya matso yana murmushi ya ce, "Hajiya, kin ji tsoro?"

"Tsoro? Saura kaɗan in karya alwala!"

"Alhamdu lillahi. Aiki ya yi kyau."

Na sunan Maradun ya fi muni. Ya cika allon da idon ragon suna, yana ƙiftawa. Can nesa ana wasa wuƙa, shau, shau. Ya naɗe kalangu da bargo yana bugawa kamar bugun zuciya, sai kuma ya yanke sautin gaba ɗaya, tsit. Matan gidan suka fashe da kuka, wata ta rantse ba za ta ƙara cin soyen da ya rage ba. Uban jariri ya ce, "Malam Ladan, wai ina ɗana a cikin wanga abu?" Yaya ya ce, "Yi haƙuri, shina zuwa. Jarumi ba ya fitowa da wuri."

Ita kuwa ƙofar da kuke ji a duk bidiyonsa, ta zauren gidansa ce. Ya hana kowa taɓa ta. Ran nan Yaya Asabe ta gaji da kukanta ta ɗura mata man gyaɗa. Kai jama'a! Ya dawo ya tura, shiru. Ya sake turawa, shiru. Ya zauna daɓas a dakali kamar an yi masa rasuwa.

"Asabe, mi na yi miki? Shekara goma ina renon muryar nan!"

"Malam, ƙofa ce fa."

"Ke dai kin kashe mini ma'aikaci."

Sati biyu yana yayyafa mata ruwan gishiri safe da yamma har tsatsa ta dawo. Ranar da ta sake yin ƙara, tsire ya sayo wa gidan.

To, na zauna na bi kaset da faifai da memori, buhu biyu cur. Ƙafafun rabin garin nan na gani, da inuwoyi, da idanun raguna, amma babu Yaya. Har na fara shirya yadda zan gaya mata, sai na ci karo da wani faifai da ba a rubuta komai a kansa ba. Na kai mata muka kunna tare.

Ƙofar nan ta yi ƙararta. Ga jan ƙafarsa ta hagu, ga ɗan tarin nan nasa. Na ce yanzu za a fara tsoratar da mu. Sai kawai kyamara ta tsaya cak a kan fuskar Yaya Asabe, tana tsintar shinkafa a tsakar gida da hantsi, ba ta ma san ana ɗauka ba. Babu kalangu, babu wuƙa, sai kukan kurciya. Ya daɗe a kanta ƙwarai. Can muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Wagga kam ba a ɓoye ta."

Na ce, "Yaya, ki gafarce ni, ban samo fuskarsa ba."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Bar shi, Bello. Na ga yadda yake kallona. Ya ishe ni."

Ni ma kuka na yi, ba zan ɓoye muku ba. Har yau ba a sa wa ƙofar nan mai ba, Yaya Asabe ce ma yanzu take hanawa.

Allah ya jiƙan Yaya Ladan, ya gafarta masa firgitar da ya yi wa bayin Allah. Ya sa kabarinsa babu tsoro ko ƙanƙani. Allah ya buɗe masa ƙofar Aljanna, in da hali ta ɗan yi masa ƙara. Amin.