Sawun da Norman Ya Gani a Kan Raɓa

Ƙarfe biyar da rabi na safe Norman Hepworth yake buɗe ƙofar filin kurket, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, na ƙungiyarmu, kuma shekara talatin da takwas ke nan bai taɓa yarda filin ya kwana lafiya ba sai ya gani da idonsa. Ya zagaya katanga, ya jijjiga kwaɗon rumfar kayan aiki, sannan ya durƙusa a kan zirin ƙasar nan na tsakiya da ake jifa a kai, ya danna makullin motarsa a ciki ya ji taurinsa. Bai yarda da masu hasashen yanayi ba, bai yarda da tattabaru ba, balle kwamitin ƙungiya. Ka gaishe shi, sai ya dube ka kamar ka zo aron injin yankan ciyawa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa zan faɗi abin da shi ba zai taɓa faɗa ba.

Shekara tara da suka wuce, ana tsakiyar kakar wasa, ya fara ganin sawu a kan raɓa, daga katangar gabas har tsakiyar fili. Nan take ya zargi cuta. In aka ɗan kankare ƙasar nan, ƙwallon mai jifa sai ta riƙa bauɗewa yadda mai bugu ba zai same ta ba, kuma ɗan wasan da aka kama da wannan aika-aika ya gama wasa har abada. Norman ya laɓe a rumfa. A safiya ta uku ya ga mai sawun yana haura katanga: Dominic Sugden.

Dominic ne ƙashin bayan ƙungiyar. Shi ke jifa, shi ke bugu, in abokansa na hutawa shi yana ɗaura kayan kariya. Amma a shekarar jifansa ya lalace, har sau biyu ya ƙi bin tawaga wasan waje, wai ciwon baya. Norman ya ce a ransa, ai ga ta nan, jifa ya gagara an koma neman taimakon ƙasa. Ya rubuta wa sakataren ƙungiya takardar ƙara, ya ninke ya sa a aljihu.

Sai dai Norman ko idonsa ma bai cika yarda da shi ba. Kwana huɗu yana bin sawun da rarrafe yana neman inda aka kankare, bai samu ko ƙwarzane ba. Mutumin zuwa yake ya tsaya cak, ya yi ta kallon kujerun da babu kowa, ya juya. Wannan ya fi ba shi haushi, don haka ya fito.

"Kai, Sugden! Uban me kake nema a kan ƙasata?"

"Ba komai, Baba Norman. Iska nake sha."

"Iskar unguwarku ta ƙare ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ciwon bayan nan ne kawai ke hana ni sakat."

"Bayan da ka haura katanga da shi? Ni za ka yi wa wannan? Na girmi ubanka fa."

Dominic ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya zo. Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ƙaton mutum, ya ce, "Nan ne kaɗai ba mai cewa in yi jifa ko in yi bugu. Baba, ina shiga mota zan taho wasa, sai in ji ina ma kada in iso."

 Yayan Norman ma haka ya yi ta cewa lafiya ƙalau har ranar da suka binne shi. Bai yi wa'azi ba, bai iya ba. Ya miƙa wa Dominic hannun ƙaramin injin daɓe, suka yi ta kai da komo har ƙarfe takwas, sannan ya buɗe ƙofar tsohuwar motarsa ya ce, "Shiga, wajen likita za mu."

"In kwamiti suka ji, sun sallame ni."

"In sun tambaye ni, ciyawa na sani."

Sun kuwa tambaya. Raɗe-raɗi ya riga ya cika gari, wasu su ce giya, wasu su ce 'yan caca sun saye shi. Sakatare ya tako har rumfa ya ce an ce ana ganin Sugden a fili da sassafe. Norman ya ce, "Ni nake sa shi tura min injin daɓe. Ko kai za ka zo ka tura?" Takardar kuwa, ta bi tarin busasshiyar ciyawa cikin wuta.

Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Dominic ya yi shekara guda bai taɓa ƙwallo ba, ya dawo ya ƙara kakar wasa biyar, wata da daɗi wata ba daɗi. Shi ya ba ni labarin nan da bakinsa, ya ce in rubuta, don Norman ko za a yanka shi ba zai amsa ba.

Norman, mai gadin ciyawa, kai ne ka zargi mutum da cuta, ka ƙi yanke masa hukunci sai ka tabbatar. Kai ne ka ji an ce lafiya ƙalau ka ƙi yarda, alhali mu duka, har da ni da nake zaune a layin gaba ina yi masa ihu, mun yarda don hakan ya fi mana sauƙi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Mun gode, dattijo. Mu kuma da muka rage, in na kusa da mu ya ce ba komai alhali fuskarsa ta ce da komai, mu sake tambaya, mu tsaya mu ji amsa. Dominic Sugden yana nan da ransa. 'Yarsa ta shiga makaranta bana, kuma shi ke riƙe hannunta ya kai ta.