Ƙarin Albashina da Kwanukan Inna

Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi ina koyarwa a wata firamare a Ƙauran Namoda, aji uku, yara sun fi ƙarfin benci. Jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ga shari'a an ƙaddamar, ko'ina ka zauna labarin ke nan. Amma a ɗakin malamai hira ɗaya ce: me za ka yi da naka? Wannan ya ce babur, wancan ya ce rufin kwano, wani kuma tun kuɗin ba su shigo ba ya riga ya cinye su da baki.

Ni na san inda nawa za su. Takardar Gired Tu gare ni, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa rana na zuwa da masu irinta za su koma gefe. Akwai karatun da ake yi a kwalejin horon malamai lokacin dogon hutu, hutu bayan hutu har mutum ya samu NCE. Sau biyu ina karɓo fom ina mayar da shi ƙasan akwati don ba halin biya. Wannan karon ƙarin zai iya ɗaukar karatun, da kyar, in ban taɓa shi da komai ba. Ƙarshen watan kuma za a rufe karɓar fom.

Maigidana malamin gona ne, mutum ne da ba ya son dogon zance. Da na faɗa masa sai ya ce, "Kuɗɗinki na, ki yi abin da kika so. Amma kin gaya ma Inna?"

Ban gaya mata ba, kuma ya san dalili.

Inna, mahaifiyata, tana Moriki. Tun ina ƙarama sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk ribar da ta samu kwano take zama. A wurin matan zamaninsu haka ake ajiya. Kuɗi in suna hannu biki zai ci, baƙo zai ci, amma langa da fanteka da samira suna nan cikin kabad har ranar da za a yi wa 'ya jere a ɗakin aurenta. Da su ta aurar da ni, ta aurar da ƙannena biyu. Da muka ƙare ba ta tsaya ba, ta shiga tara wa 'yata, wadda a lokacin ko haƙoran gaba ba ta famfare ba.

Ban kai ga zuwa ba saƙonta ya riga ni: in zo ranar Asabar, in taho da abin da aka ƙara. Labarin albashi ba ya ɓoyuwa, a rediyo aka faɗa.

Na shiga mota, mata a baya maza a gaba kamar yadda aka koma yi, ina ta shirya maganganu a raina. Ni dai Allah ya yi ni da saurin hawa, na kuma sani. Kafin mu isa Moriki na yi faɗan nan na gama shi sau uku, kuma duk ni na ci.

Ko ruwa ban gama sha ba ta fara.

"Na ji an ƙara muku. To, kada ki bari su narke hannunki. Ɗiya ag gare ki. Yau kin gan ta tana wasan ƙasa, gobe ki ji an kawo gaisuwa."

"Inna, shekarunta shidda hwa."

"Ke sa'ad da nif fara tara naki ko yaye ba a yi miki ba."

Na gaya mata zancen karatun. Ta dube ni kamar na ce zan sayi jirgi.

"Mi za ki yi da wata takarda bayan wadda ag gare ki? Ba da ita kika aikin ba?"

Ashe ta riga ta gama shirinta. Ta aika wa wata dillaliya da ke yawo da kayan ɗaki gida gida, har Shinkafi take sarowa. Za ta zo ta ga abin da aka tara, ta faɗi abin da ya rage, sannan duk wata in riƙa ba da ƙarin nan tana kawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wato ni zan sha alli, kabad ya ƙoshi.

Bayan azahar dillaliyar ta yi sallama. Mace ce mai jiki da fara'a, ga baki. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta shiga fito da kaya. Wasu daga kabad, wasu daga ƙarƙashin gado, kowanne a naɗe cikin tsohon zane. Samira mai jan fure, jeri guda tun daga babba har 'yar ƙarama. Fanteka masu murfi. Langa fari mai shuɗin baki. Ko ɗaya bai taɓa ganin tuwo ba. Tana kwancewa tana gogewa da gefen mayafinta, tana faɗin shekarar da ta sayi kowanne: wannan shekarar da gyaɗa ta yi kyau, wancan shekarar da Baba ya rasu. Rabon da in ga fuskarta da haske haka har na manta.

Dillaliya ta ɗauki murfi ɗaya, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Sai surutunta ya ragu.

"Inna, kayan ga masu kyau na, wallahi. Ba a yin irinsu yanzu."

"Shi ya sa nic ce ki zo ki gani. Mi ya rage?"

Matar ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Gaskiya, Inna, an bar yayinsu. 'Yan matan yanzu kuloli suka biɗa, masu riƙe zahin abinci, da tangaran, da silba. In an jera ma amarya wanga, ƙawayenta dariya za su yi mata. In kina so in kai ma masu tuwon saidawa, su ɗai suka sayen su."

Masu tuwon sayarwa. Kwanukan da Inna ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kai.

Na zo Moriki ne ina neman abin da zai kayar da maganarta, ga shi an kawo mini har ɗaki, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Zuciyata ta hau, na fara gaya wa matar nan maganganu, har da cewa tana rage darajar kaya ne don ta saye da arha. Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ke, bari. Gaskiya ta taf faɗi. Na ga jeren ɗiyar maƙwabta bara, na ɗauka su na ba su da hali."

Dillaliya ta ba da haƙuri ta tafi. Inna ta zauna tana mayar da kwanukan cikin zannuwansu ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Na ga yadda hannuwanta suka tsufa wurin murza gyaɗa. Tausayinta ya kama ni har na ji karatun ya fita raina.

Na ce, "Inna, bari mu fara sayen kulolin. Karatu shi jira wata shekara."

Da gaske nake, kuma na san in na bar shi wannan karon ba zan sake ɗauko fom ɗin nan ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ƙulle bakin zane, ta ce, "Su ma kulolin, kahin yarinyag ga ta girma wa ya san mi za a yi yayi?" Sannan ta tambaye ni, "Ita takardar, ba ta tsuhwa?"

Da na so da na yi mata ƙarya. Na ce, "Tana yi, Inna. Wadda ag gare ni ta tsuhwa, shi ya sa nika biɗar wata."

Sai ta yi dariya, ta farko tun fitar matar.

"Ashe dut ɗaya. Sai dai ke taki kin ci abinci da ita kahin ta tsuhwa." Ta tura ƙullin ƙarƙashin gado. "Tahi ki biya. Wa za shi riƙe miki yara?"

Wannan ban ma kai ga tunaninsa ba. Dogon hutu tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da Inna ba ta yarda ta kwana ko'ina saboda 'yar gonar gyaɗarta. Na fara kame-kame, ta ce in rufe mata baki, gyaɗar bana ƙanena ya ji da ita.

Ranar Litinin na kai fom. Da hutu ya zo Inna ta sauka Ƙaura da ƙullin kayanta da galan ɗin mai, ta karɓe gidan kamar dama nata ne, har maigidana ya koma neman izini kafin ya taɓa tulu.

Safiyar da zan tafi na tsaya a tsakar gida da jakata, ina jiran ta ce mini wani abu. Ni ce 'yar farinta, kuma irin kunyar mutanen da, ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta tsaya yi mini bankwana. Tana goye da ƙaramin ɗana, ta juya mini baya tana hura wuta. Sai ta kira 'yata, ta ce da ita da ƙarfi yadda zan ji:

"Tahi ki gaya ma uwarki ta kama karatun ga da kyau. Ki ce ta yi sauri ta gama, ke ma kina nan tahe bayanta."

Yarinyar ta rugo ta maimaita mini, rabi daidai rabi a karkace. Na ce mata na ji. Na fita da sauri don kada su ga idona, farin ciki da kuka suka haɗe mini, har muka wuce gonakin bayan gari ban iya amsa gaisuwar matar da ke kusa da ni a mota ba.