Mutumin da ake aikawa da labarin rasuwa

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Malam Habu makwancinsa a nan Matameye. Allah ya jiƙansa. Sai dai ni a lissafina ya riga ya bar mu shekara shida kafin ranar, yana tafe da ƙafarsa a cikinmu.

Yaya Habu manomin gero ne kamar kowa, amma unguwarmu ta san shi da wani aiki da ba a biya. In an yi rasuwa, shi ake aikawa ya sanar da dangi. Ba ya faɗa daga tsaye. Sai ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi gona da yara, yana duban mai gidan. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa yana karanta fuska kamar yadda nake karanta ajami. Sai ya ce, "Jikin nan fa ya yi tsanani," ya dakata, har mutum ya kai ga innalillahi da bakinsa.

Wata ranar kasuwa mota ta kife da Sani, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, Inna Hadiza ta Kurni. Ni na ce a aiki Yaya. Na ga 'yan sauye-sauye a gare shi kafin nan, ya rage gaisuwa, yana sa hannu a kwanon wani ba bisimilla, amma na ce gajiya ce.

Waɗanda ke wurin sun ce daga bakin zaure ya ɗaga murya. "Inna, Sani ya mutu, mota ta murƙushe shi. Akwai fura?" Tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Shi kuwa ya tsallake ta, ya ɗauki ƙwarya ya sha.

Da ya dawo na tare shi a ƙofar gida. Na ce, "Yaya, me ka aikata?"

Ya ce, "Ba ka ce in faɗa mata ba? Na faɗa."

Ba ƙeta a idonsa, ba kunya, ba komai. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Ya yi dariya a zaman makoki. Matarsa ta kwanta zazzaɓi, ya tsaya a kanta yana neman tuwo. Wasu suka ce iska, wasu sammu, mafi yawa suka ce halinsa na gaskiya ne ya fito. Wa zai ce ciwo ne? Bai manta sunan kowa ba, bai ɓata hanya ba, izu ukun da ya haddace suna nan daram. Na yi masa rubutu ya sha, na yi nasiha, daga ƙarshe na yi fushi. Shekara biyu ban zauna tabarma ɗaya da shi ba, ni da na san hukuncin yanke zumunci.

Sai da magana ta fara ƙwace masa muka kai shi asibiti a Damagaram. Likita ya ɗauki hoton kansa, ya nuna mini wajen goshi da gefen kunnuwa, ya ce ƙwaƙwalwar nan tana ƙanƙancewa. Ya ce akwai hanyoyi a ciki da ke haɗa abin da ido ya gani da abin da zuciya ke ji, su ne suka yanke. Yana ganin hawaye, amma saƙon ba ya isa. Sunan cutar dogo ne da Faransanci, na rubuta shi da ajami a bangon littafina. Na tambayi magani. Ya ce sai dai haƙuri da kula.

Na dawo na bi gida-gida ina bayani. Ana saurarona da ladabi, a ce Allah ya sawwaƙe, amma ina gani ba a yarda ba. Inna Hadiza ta ce mini, "Idi, na yafe don Allah, amma kada ya zo mini." Har ta rasu bai je ba. Shi ma na roƙe shi gafara, ya dube ni kamar ina faɗa masa kuɗin gishiri.

Yau ba a aikan kowa da labarin rasuwa. Kafin a rufe gawa da zane, hotonta ya shiga wayoyi, uwa ta gani a hannun maƙwabciya. Nakan ce da Yaya na nan me zai ce? Yayan da na sani kafin ciwo zai yi kuka. Na biyun zai nemi fura. Kuma zamanin ya fi kama da na biyun, alhali mu ba mu da uzurin ciwo.

Me ya rage nasa? Waɗanda ya zauna da su a ranar baƙin cikinsu sun kusa ƙarewa. Matasa kuwa ƙarshensa kawai suka tarar. Kwanan baya a tasha na ji wani direba yana ce wa abokinsa, "Kai dai ba ka da tausayi, sai ka ce Habu mai fura." Aka yi dariya. Bai san ni ba, bai ma san Habu mutum ne da ya taɓa rayuwa ba.

Ana cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ina roƙon Allah, wanda ya ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, kada ya karɓi wannan shaida a kan ɗan'uwana. A duniya kam na daina sa rai. Na buɗe baki a tashar nan zan yi magana, motar ta cika, suka tafi.